Gadon Faɗa-wuta: Abin da Uwa da Uba Suke Bar wa Tsutsa



Yau zancenmu a kan faɗa-wuta ne, ƙwaron nan mai fukafukai gari-gari da yake kewaya fitila da dare. Ɗan'uwan malam-buɗe-littafi ne, sai dai shi yawancin yawonsa na dare ne. Danginsa suna da yawa ƙwarai, masana sun ƙidaya kusan iri 160,000. A cikinsu akwai asu mai cin tufafi a akwati, akwai uwar tsutsar da take cin masara, da uwar wadda take huda wake, da kuma uwar tsutsar da take saƙa siliki. Na ce uwar tsutsa ne domin da tsutsar da mai fukafukan duk halitta ɗaya ce. Ƙwai ne yake ƙyanƙyashe tsutsa, ta ci ta ƙoshi, ta rufe kanta cikin ɓawo, bayan 'yan kwanaki ta fito da fukafukai, ta yi barbara, ta saka nata ƙwan.

To ga abin da ya kamata ya tsayar da mu. Wannan uwa ba ta reno. Tana saka ƙwai ta yi gaba, sau da yawa ma kafin ya ƙyanƙyashe ta mutu. Amma tsutsar da ta fito ta san ganyen da za ta ci, ta san lokacin da za ta daina ci, tsutsar siliki kuma ta san saƙa ba tare da ta taɓa ganin mai yi ba. Duk wannan ta cikin ƙwan da bai kai ƙwayar gero ba ya iso mata. Yaya aka yi?

Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai wani dogon zare siriri da ake kira DNA, kuma a jikinsa ne aka jera umarnin gina halittar: launin fiffike, girman jiki, irin ganyen da cikin tsutsa zai iya narkarwa. Kowane yanki na zaren da yake ɗauke da umarni guda shi ake kira ƙwayar gado. Zaren ba a sake yake ba, a nannaɗe yake ƙulli-ƙulli kamar zare a jikin mazari, kuma kowane ƙulli sunansa kuromosom. Biyu-biyu suke zuwa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ɗan Adam yana da tagwai 23, watau 46. Tsutsar siliki tana da tagwai 28, watau 56. Faɗa-wuta da yawa tagwai 31 gare su.

Lokacin da jikin tamace zai haɗa ƙwai ba ya zuba duk 56 ɗin a ciki. Daga kowane tagwai ɗaya ake ɗauka, 28 ke nan. Haka ma namiji, 28 yake sa wa a kowace ƙwayar maniyyi. In sun haɗu lissafi ya koma 56. Wanne za a ɗauka a kowane tagwai, na wajen kaka mace ko na wajen kaka namiji, wannan ba shi da tsari, yadda ya faɗo ne kawai. Idan aka buga lissafi, uwa ɗaya tana da hanyoyi fiye da miliyan 268 na haɗa ƙunshin da za ta sa a ƙwai. Shi ya sa tsutsotsi ɗari uku ko ɗari biyar da suka fito daga ciki ɗaya suke kama da juna amma ba su zama ɗaya ba.

Kafin wannan haɗuwa sai namiji ya gano inda tamace take a cikin duhu. Ita ce take kiransa, da ƙamshi. Tana sakin wani sinadari daga ƙarshen cikinta, iska ta ɗauka, shi kuma ya shaƙa da siraran ƙahonnin nan biyu na kansa masu gashi-gashi, ya biyo iskar har ya iso. Wani masani ɗan ƙasar Jamus, Adolf Butenandt, shi ya fara tace wannan sinadari a 1959, kuma sai da ya yi amfani da matan faɗa-wutar siliki kusan 500,000 kafin ya samu ɗan abin da zai auna. Kowane iri da nasa ƙamshin, kuma gadonsa ake yi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa iri ba ya ruɗewa da iri ko da a gona ɗaya suke yawo.

A wajen barbara namiji ba ruwa kawai yake zubawa ba. Wani ɗan ƙunshi yake haɗawa a cikin jikin tamace, maniyyi a ciki tare da abinci mai gina jiki. Daga nan maniyyin ya ƙaura zuwa wata 'yar jaka ta ajiya. Duk ƙwan da zai fita sai ya bi ta bakin wannan jaka, a ɗiga masa maniyyi, ya shiga ta wata 'yar ƙofa da ke saman ɓawon ƙwan. Wani abin mamaki kuma, maniyyin faɗa-wuta iri biyu ne. Akwai mai ɗauke da kuromosom, akwai kuma wanda babu komai na gado a cikinsa, kuma wannan na biyun shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Fiye da shekara ɗari ke nan da wani masani mai suna Friedrich Meves ya bayyana shi. Gwaje-gwajen da aka yi a kan tsutsar siliki sun nuna cewa idan babu waɗannan marasa gadon, masu gadon ba sa isa jakar ajiya, ƙwai kuma ba ya ƙyanƙyashewa.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan zance, watau wa yake yanke cewa tsutsa mace ce ko namiji.

A wajen ɗan Adam, mace tana da kuromosom biyu iri ɗaya, X da X, namiji kuma yana da X da Y. Kowane ƙwan mace X ne a ciki. Maniyyin namiji ne ya rabu biyu: in mai X ya riga isa a haifi mace, in mai Y ne a haifi namiji. Ina so magidanta su ji wannan da kyau, domin har yau akwai gidajen da ake ɗora wa mace laifi don ta jera 'ya'ya mata. Haihuwa kyautar Allah ce, kuma ko a ma'aunin kimiyya, abin da yake bambanta jinsin jariri ta wajen uba yake zuwa. Babu dalilin da zai sa a ɓata wa baiwar Allah rai a kan wannan.

A wajen faɗa-wuta kuwa abin a juye yake, haka ma a wajen kaji da sauran tsuntsaye. Namiji ne yake da biyu iri ɗaya, Z da Z. Tamace tana da Z da W. Saboda haka kowane maniyyi Z ne, ƙwai ne ya rabu biyu. Ƙwai mai Z ya ba da namiji, mai W ya ba da mace. A nan uwa ce take yankewa.

Yadda aka fara gano bakin zaren wannan al'amari labari ne mai daɗi. A Ingila akwai wani faɗa-wuta fari mai ɗigo-ɗigon baƙi da ruwan ɗorawa, wanda masana suke kira Abraxas. Lokaci-lokaci akan samu wani mai kodaɗɗen launi, ɗigonsa kaɗan, kuma kusan duk wanda aka kama a daji mace ce. Wani limamin coci mai sha'awar kiwon ƙwari, Gilbert Raynor, da wani masani na Jami'ar Kambirij, Leonard Doncaster, suka yi ta haɗa su barbara suna rubuta abin da ya fito. Suka haɗa kodaɗɗiyar mace da namiji mai cikakken launi, 'ya'ya duk suka fito da cikakken launi, kamar kodewar ta ɓace. Ashe tana nan a laɓe. Da suka ɗauki ɗa namiji daga cikin waɗannan suka haɗa shi da wata kodaɗɗiyar, sai ga kodaɗɗu maza da mata. Da aka haɗa kodaɗɗen namiji da mace mai cikakken launi kuwa, sai 'ya'ya maza duk suka ɗauko uwa, 'ya'ya mata duk suka ɗauko uba. Sun buga sakamakonsu na farko a 1906, shekara huɗu kafin Thomas Morgan ya ga irin wannan a jikin ƙudan 'ya'yan itace a Amurka. Bayanin kuwa mai sauƙi ne in an riƙe abin da muka faɗa. Umarnin launin a kan Z yake. 'Ya mace Z ɗaya gare ta, kuma daga uba ta samo shi, don haka duk abin da ke kansa sai ya bayyana a jikinta. Ɗa namiji yana da biyu, na uwa mai cikakken launi ya rufe na uba.

Wannan ya kawo mu ga wata ƙa'ida da za mu buƙata nan gaba. Ƙwayar gado iri biyu ce: akwai mai rinjaye, wadda ko ɗaya aka gada sai ta nuna kanta, akwai kuma mai laɓewa, wadda ba ta bayyana sai an gaje ta ta wajen uwa da ta wajen uba gaba ɗaya. Gregor Mendel ne ya fara bayyana haka a 1866, a jikin wani irin wake. A 1906 wani Bajapane, Kametaro Toyama, ya nuna ƙa'idar tana aiki a jikin tsutsar siliki. Ya haɗa masu saƙa gida ruwan ɗorawa da masu saƙa fari, 'ya'ya duk suka saƙa ruwan ɗorawa, a jikoki kuma farin ya dawo, kusan ɗaya cikin huɗu.

Tsutsar siliki ta zama abin gwaji ne domin mutanen Sin sun shafe dubban shekaru suna kiwonta, har ta kai uwarta ba ta iya tashi sama. Ba ita ce take ba da zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi a ƙasar Hausa ba. Wancan wani faɗa-wuta ne na daji, wanda tsutsotsinsa suke taruwa su saƙa gida ɗaya tare. Ita dai ta kiwon, masu ita sun lura namiji ya fi ba da zare, don ba ya kashe ƙarfinsa wajen haɗa ƙwai. Sai wani masani a Japan, Yataro Tazima, ya samar da irin da alamar jiki take manne da W, ta yadda da ido za a ware mata daga maza tun suna tsutsa. A 2014 kuma masana a Jami'ar Tokyo suka gano ainihin abin da W yake yi: yana fitar da wani ɗan ƙaramin saƙo wanda yake kashe aikin wata ƙwayar gado da ke kan Z mai mayar da halitta namiji. In saƙon yana nan, mace. In babu, namiji.

Akwai wani bambanci kuma tsakanin gadon uwa da na uba. A jikin namiji, kafin tagwayen kuromosom su rabu sukan jeru gefe da gefe su yi musayar gutsattsari, saboda haka abin da uba yake ba ɗa gauraye ne na kakanni biyu. A jikin tamacen faɗa-wuta ba a yin wannan musaya. Kowane kuromosom yadda ta karɓe shi haka take miƙa shi, sukutum. Ban da wannan, akwai abubuwan da ta wajen uwa kaɗai suke bi, domin a cikin ruwan ƙwai suke. Ɗaya daga ciki ma baƙo ne, wata ƙwayar cuta mai suna Wolbachia. Tun da ba ta da hanyar wucewa ta jikin namiji, a wasu irin faɗa-wuta sai ta kashe 'ya'ya maza tun suna cikin ƙwai, a ƙyanƙyashe mata zalla. An ga haka a jikin wata tsutsa mai cin hatsi a Tanzaniya, an kuma gani a jikin mai huda karan masara a Japan.

Kwafar wannan dogon zare daga iyaye zuwa 'ya'ya ana yinta da kiyayewa ƙwarai, amma jefi-jefi akan samu canji. Sanannen misali shi ne na wani faɗa-wuta fari mai yayyafin baƙi da yake kwana da rana a jikin itatuwa a Ingila. A 1848 aka rubuta kama wani baƙi ƙirin a birnin Manchester. Zuwa 1895, kashi 98 cikin 100 na waɗanda ke birnin baƙaƙe ne. Lokacin hayaƙin gawayin masana'antu ya baƙanta itatuwa, fari ya zama a fili tsuntsu ya gani ya tsince, baƙi ya saje ya tsira ya hayayyafa. Ƙwayar gadon baƙin mai rinjaye ce, shi ya sa ta bazu da sauri. Bayan dokar tsabtace iska ta 1956 itatuwa suka washe, sai abin ya juya, yau baƙin ya yi wuyar gani. A 2016 masana a Jami'ar Liverpool suka gano asalin canjin: wani gutsuren DNA mai tsalle daga wuri zuwa wuri ne ya faɗa cikin wata ƙwayar gado, kuma sun ƙiyasta hakan ya faru wajen 1819.

Jama'a, ku lura da kyau: hayaƙi bai rina ko ƙwaro ɗaya ba. Farin da aka haifa fari ya mutu fari, kuma bai haifi baƙi don ya zauna cikin hayaƙi ba. Baƙin ya riga ya samu, hayaƙi da tsuntsaye kawai suka share masa fili. Abin da uwa ta sha a rayuwarta ba ya sake rubuta umarnin da ke cikin ƙwanta. Abin da yake canzawa shi ne wa ya rayu har ya kai ga saka ƙwai.

Na tsaya a kan wannan ne domin ya shafi gonakinmu kai tsaye. A farkon 2016 aka fara ganin baƙuwar tsutsar masara a Afirka ta Yamma, Najeriya na cikin wuraren farko, kuma daga nahiyar Amurka ta zo. Duk manomin da ya duba ganyen masararsa ya san ƙwanta: tsibi guda na ƙwai ɗari ko ɗari biyu, an lulluɓe shi da toka-tokan gashi daga jikin uwar. Uwa ɗaya takan saka dubu ko fiye, kuma in ana zafi, cikin wata guda 'ya'yanta sun fara nasu. Za ka ji manomi yana cewa, "Maganin nan bara ya yi aiki, bana tsutsa ta saba da shi." Wani lokaci jabu ne aka sayar masa, wani lokaci an makara feshin har tsutsa ta girma ta shige can cikin kan masarar. Amma inda maganin na gaskiya ne kuma ya daina ci, ba sabo ba ne. A cikin dubban tsutsotsi akwai 'yan kaɗan da aka haifa da ƙwayar gadon jure wannan guba. Feshi ya kashe sauran ya bar su, su suka yi barbara da juna, su suka cika gonar. Duk maimaita feshi da magani ɗaya ƙara tace su ake yi.

Abin da ya faru da auduga ya isa a duba. An samar da irin auduga mai ɗauke da wata guba mai suna Bt a jikinsa, wadda take kashe tsutsa mai ruwan hoda da ke cin ƙwallon auduga. Juriyar wannan guba a jikin tsutsar mai laɓewa ce, sai an gaje ta ta gefe biyu. Don haka a Amurka, inda aka fara shuka irin a 1996, aka wajabta wa manoma su bar wani yanki na auduga marar guba a kusa. A nan faɗa-wuta marasa juriya suke hayayyafa da yawa, ta yadda ɗan ƙalilan mai juriya da ya tsira zai fi yiwuwa ya haɗu da marar juriya, 'ya'yansu su gaji ƙwaya ɗaya tak, guba ta kashe su. Aka haɗa da sakin biliyoyin faɗa-wuta da aka mayar juya, har a 2018 aka ba da sanarwar an kawar da tsutsar daga gonakin audugar ƙasar. A Indiya an fara shuka irin a 2002, amma yawancin manoma ba su bar wancan yanki ba. Kafin shekara goma tsutsar ta fi ƙarfin gubar a jihar Gujarat.

A 2019 Najeriya ta amince da sabon irin wake, SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya ta samar, mai ɗauke da gubar Bt domin tsutsar da take huda fure da kwanson wake. Ita ma wannan tsutsa 'yar faɗa-wuta ce, kuma ƙa'idar gadon da ta yi aiki a Gujarat ba za ta tsallake mu ba. Wanda ya shuka shi ya nemi malamin gona ya bi sharuɗɗan shukar yadda aka tsara su, kada ya ga kamar ɓata fili ne.

Mai feshi kuma, canza magani ba canza kwalba ba ne. Kamfanoni da yawa suna sayar da sinadari ɗaya da sunaye daban-daban. A juya kwalbar a karanta sunan sinadarin da aka rubuta da ƙananan haruffa, wanda bai iya karatu ba ya ba yaronsa ya karanta masa. Cypermethrin da lambda-cyhalothrin, alal misali, dangi ɗaya ne, wuri ɗaya suke bugu a jikin tsutsa, saboda haka wadda ta gaji jure ɗaya sau da yawa ta jure ɗayan. A tambayi malamin gona wanne ne daga wani dangin daban, a riƙa karɓa-karɓa tsakaninsu. A zuba gwargwadon da aka rubuta, kada a tsinka shi don ya auku, kuma a fesa tun tsutsa tana ƙarama, da sassafe ko da yamma lokacin da take fitowa. Inda gonar ba ta da girma, a bi layi sau biyu a mako ana duba ganye, duk tsibin ƙwan da aka gani a murƙushe shi da yatsa, domin wannan hanya ba ta bambanta mai juriya da marar juriya.